Ƙasar da Ke Kwasar Ruwa Shekara 600 Ba Ta Gama Ba



Mu nan in an ce Holan, abin da ke fara zuwa ranmu atamfa ce, sai madarar gwangwani, sai kuma 'yan ƙwallo masu rigar ruwan lemo. Amma duk wanda ya taɓa ya da zango a filin jirgin saman Schiphol da ke gefen Amstadam, ko da canjin jirgi kawai ya yi, to ya taka gindin tafki bai sani ba. Inda tayar jirgin ke dira, shekara 200 da suka wuce jiragen ruwa ne ke kai da komo, masunta na jefa taru. Filin yana ƙasa da doron teku da fiye da mita 3. Kuma ba shi kaɗai ba ne: kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar Holan teku ya fi shi tudu, wurin da ya fi kowane zurfi kuwa, kusa da Rotadam, ya kusa kai mita 7.

Kun san hoton nan da ake bugawa a kalanda, wani dogon gini mai filafilai huɗu a tsaye bakin ruwa, shanu na kiwo a gefensa. Injin iska ke nan, su suna ce masa molen. Yadda aka saba ba da labarinsa shi ne wai mutanen Holan sun kama kokawa da ruwa, suka ƙera wannan inji, suka kayar da ruwan. Ni dai ban gamsu da wannan labari ba. A ganina injin nan magani ne na ciwon da suka jawo wa kansu da hannunsu, kuma maganin da kansa ya riƙa ƙara ciwon.

Mu koma baya wajen shekara 1000. Yammacin Holan a lokacin dausayi ne mai faɗi, amma ba irin fadamarmu mai laka ba. Ƙasar wurin tarin ciyayi ce da gansakuka da suka mutu suka danne juna dubban shekaru a cikin ruwa, ba su gama ruɓewa ba saboda iska ba ta kai gare su. Ku ɗauke ta kamar ƙaton soso da ya sha ruwa ya kumbura. Abin mamaki, wannan soso ya fi teku tudu a wancan zamani, a wasu wuraren da mita da dama. Da mutane suka yi yawa suka buƙaci gona, ba su sha wata wahala ba: suka haƙa dogayen kwatoci a jere, ruwan ya gangara da ƙafarsa zuwa kogi, ƙasa ta tsane, suka shuka hatsi. Har gobe in ka leƙo yankin daga jirgi za ka ga gonakin siri-siri, dogaye, kwata tsakanin kowace biyu.

To me ke faruwa da soso in aka matse shi? Sai ya motse. Ga kuma ƙari a kai: ciyayin nan da ruwa ya tsare dubban shekaru, suna haɗuwa da iska sai ruɓar da aka dakatar ta ci gaba, ƙasar ta riƙa bin iska a hankali, ba hayaƙi ba toka. Gona ta yi ƙasa, ta koma kusa da ruwan da ke ƙarƙashinta, ta sake jiƙewa. Manomi ya ƙara wa kwata zurfi. Ƙasa ta sake tsanewa, ta sake motsewa. Kakan ya haƙa, ɗan ya haƙa, jikan ya haƙa, kowanne ya gaji gona da ta fi ta ubansa kwari.

Wanda yake son ganin wannan abu da idonsa, akwai shaida a Ingila, a wani wuri da ake kira Holme, cikin dausayin gabashin ƙasar wanda shi ma aka busar da shi. Wajen 1851 aka kafa wani turken ƙarfe, aka buga shi har kansa ya yi daidai da doron ƙasa. Yau turken nan yana tsaye a sarari kusan mita 4, ya ninka tsayin ƙato sau biyu. Turken yana nan inda aka kafa shi, ƙasar da ke kewaye da shi ce ta tafi.

A Holan, cikin 'yan ƙarnuka sai gonaki suka dawo daidai da kogi, daga nan suka yi ƙasa da shi. Hatsi ya daina yi saboda damshi, aka bar filayen ga ciyawa, kuma daga nan ne shanu da madara da cuku suka zama sana'ar yankin. Sannan birane na buƙatar makamashi, ga ƙasar ba daji, sai aka shiga yanko wannan ƙasa ana busarwa ana hura wuta da ita, a gidajen burodi da wuraren gasa bulo da dafa gishiri. Inda aka yanko, rami ya zauna, ruwa ya cika shi, iska ta riƙa kaɗa igiyar ruwa tana cin gaɓa, kududdufi ya zama tafki. Wato suna zaune a kan ƙasar, suna matse ta, suna kuma ƙona ta a murhu.

Matakin farko da suka ɗauka shi ne jinga. Aka kewaye gonaki da ganuwar ƙasa, aka yi ƙofofin ruwa da ake buɗewa in teku ya janye a rufe in ya ciko. Fili irin wannan, da aka killace ake kuma sarrafa ruwan cikinsa da hannu, shi ake kira polda. Masu sauraronmu na Chadi sun san wani abu mai kama da haka a wajen Bol, inda manoma ke datse hannun tafkin Chadi tsakanin tuddan rairayi, su jira ruwan ya ƙafe su noma alkama da masara a gindinsa. Bambancin shi ne a Bol rana ce ke kwashe ruwan kyauta. A Holan rana ba ta da wannan ƙarfi, ruwan sama kuma ba shi da damina ba shi da rani. Ganuwar da ta hana kogi shiga ita ce ta hana ruwan sama fita. Da ƙasa ta ƙara nitsewa har ta fi teku kwari ko da ya janye, sai ƙofar ta zama ba ta da amfani. Ruwa ba ya hawa tudu, sai an ɗaga shi.

Sun gwada kwasa da hannu, sun gwada doki yana zagaya. Duk mai lambu da ya taɓa wuni a kan jigo ya san iyakar abin da ƙarfin ƙirji zai iya ɗagawa, balle a ce gari guda za a kwashe wa ruwa.

Injin iska ba su suka fara ƙera shi ba. Mutanen Sistan, a kan iyakar Iran da Afghanistan ta yanzu, sun riga kowa niƙa hatsi da iska, tun wajen ƙarni na 9. A Turai ya bayyana a ƙarshen ƙarni na 12, shi ma don niƙa. Abin da mutanen Holan suka yi shi ne cire dutsen niƙa su sa wilin kwasar ruwa a madadinsa. Rubutaccen labari mafi tsufa game da irin wannan inji ya fito ne daga kusa da garin Alkmaar, wajen 1408.

Bari in tsaya a kan yadda abin ke aiki, don a nan gwanintar take. Iska na bugun filafilan nan huɗu, waɗanda katako ne aka yi kamar tsani ake shimfiɗa musu ƙyalle mai kauri. Suna juya wani ƙaton gungume a can saman ginin. A jikin gungumen akwai wili mai haƙoran katako da ke cizon wani wilin, shi kuma ya juya wata doguwar sanda da ta sauko tun daga sama har ƙasa. A ƙasa wasu haƙoran su karɓa, su juya babban wili mai faffaɗan allunan katako da ke zaune cikin wata matsattsiyar magudana ta bulo. Allunan su ne ke turo ruwa daga ƙasa-ƙasa, su haura da shi, su zubar a magudanar da ta fi tudu, wata 'yar ƙofa ta rufe kanta don kada ya dawo. Haƙoran nan da kakin zuma ake shafa su, ba da mai ba.

Amma akwai matsala guda. Iska ba ta da alƙibla ɗaya, dole fuskar injin ta riƙa bin ta. Injin niƙa na da gaba ɗayansa ake juyawa a kan turke guda, kuma ba komai, tunda dutsen niƙan yana ciki yana juyawa tare da ɗakin. Wilin ruwa kuwa a kafe yake cikin magudana, ba ya zuwa ko'ina. Kafintocin suka yi dabara: suka fafe cikin turken kamar turmi marar gindi, suka zura sandar ta cikinsa, ɗakin sama ya juya yadda ya ga dama, na ƙasa na nan daram. Daga baya suka gina manya waɗanda hular kansu kaɗai ke juyawa.

Matsala ta biyu, wilin ba ya iya ɗaga ruwa fiye da kamar mita ɗaya da rabi. In ramin ya fi haka zurfi fa? Sai a jera injuna biyu, uku, har huɗu, kowanne a kan matakinsa, na ƙasa ya miƙa wa na sama, kamar yadda magina ke cilla wa juna tubali har ya kai kan katanga. A ƙarni na 17 aka fara sa musu wani dogon gungume mai murɗaɗɗen zare kamar sukuru, a kishingiɗe, wanda shi kaɗai yana ɗaga ruwa mita 4 ko fiye.

Da wannan jeri ya samu, sai ido ya buɗe. A da ana kwasar ruwa ne don a ceci gonar da ake da ita. Yanzu sai aka fara kallon tafki ana lissafin kadada nawa ke kwance a ƙarƙashinsa. An fara da wani ɗan ƙarami, Achtermeer, kusa da Alkmaar, a 1533. Babban aikin shi ne tafkin Beemster, mai faɗin hekta kusan 7,000. Attajiran Amstadam ne suka haɗa jari a 1607, a gabansu akwai Dirck van Os, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin nan na cinikin kayan yaji na Gabashin Indiya a 1602. Mutanen da ke sayen hannun jari a jirgin da zai tafi neman kanumfari da masoro, su ne suka sayi hannun jari a gindin tafki. Aka kewaye shi da ganuwa, aka haƙa magudana a bayan ganuwar, aka kafa injuna. Aiki ya kusa kammala, sai a farkon 1610 guguwa ta fasa ganuwar teku, tafkin ya cika kamar ba a taɓa taɓa shi ba. Suka sake zuba kuɗi, suka ƙara wa ganuwa tsayi. A 1612 ƙasa ta fito, da injuna sama da 40 a kewaye da ita. Aka ja layi aka yanka ta murabba'i-murabba'i kamar allon dara, aka raba wa masu jari. Laka ce mai albarka, kuma har yau cukun Beemster na da suna.

Sunan da aka fi haɗawa da wannan aiki shi ne Jan Adriaanszoon Leeghwater, kafinta maƙerin injuna daga ƙauyen De Rijp. Gwani ne, ba musu, kodayake ya iya tallar kansa a rubuce-rubucensa, shi ya sa sunansa ya danne na sauran. Bayan Beemster sai tafkuna suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya: Purmer a 1622, Wormer a 1626, Schermer a 1635 da injuna 52. Masunta da masu kwale-kwale da suka rayu a kan waɗannan ruwaye ba wanda ya ba su hannun jari. A Ingila ma, inda wani ɗan Holan mai suna Cornelius Vermuyden ya jagoranci busar da dausayi a ƙarnin nan, mazauna wurin da ke ci daga kifi da agwagwar ruwa sun sha fita da dare suna farfasa jinga.

Akwai kuma mutumin da ba ya fitowa a kalanda, wato mai tsaron injin. Shi da iyalinsa a cikin injin suke kwana, a 'yan ɗakuna matsattsu masu damshi, haƙoran katako na ƙugi a kansu. Iska ba ta san dare ba. In ta taso da ƙarfe biyun dare a tsakiyar hunturu, ruwa kuma ya taru, dole ya tashi, ya murɗa hular injin ta fuskance ta, ya hau filafilai ɗaya bayan ɗaya ya shimfiɗa ƙyalle da yatsun da sanyi ya ƙandare. In iskar ta ƙaru, ya taka birki ya rage ƙyalle. In ya makara, injin ya ƙwace, birkin katako ya yi zafi har ya kama da wuta, ga shi da yawansu rufin ciyawa ne. Filafilan da tsawonsu daga wannan baki zuwa wancan ya kai mita 28 suna wucewa dab da ƙasa a ƙofar gida inda yara ke wasa, shi ya sa ake yi wa injin ƙofa biyu, a kulle wadda ke gefen filafilai. Albashin kuwa bai taka kara ya karya ba. Da kamun kifi da ɗan lambu da ƙwadago a gonakin wasu yake cike giɓi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kuma ba shi da ikon ya yi ta kwasa yadda ya so. Ruwan da ya fitar daga poldarsa ai a magudanar da kowa ke tarayya da ita yake zubawa, in ta cika ta tumbatsa kan maƙwabci. Saboda haka akwai ma'aunin da in ruwa ya kai shi, kowa ya tsaya. Wani inji da aka zaɓa shi ke ba da alama, tuta da rana, fitila da dare, na gaba ya gani ya ɗaga tasa, har saƙo ya zagaye yankin. Kana ji kana gani gonarka na cikin ruwa, ga iska mai kyau na kaɗawa, amma dole ka ɗaure injinka.

Wa ya isa ya sa manomi ya bi wannan doka? A nan ne nake ganin ainihin abin da ya riƙe ƙasar, fiye da katako da ƙyalle. Tun kafin injin farko suna da majalisun ruwa. Ta Rijnland ta samu takardar amincewa daga mai mulkin Holan a 1255, kuma tana nan tana aiki har yau. Masu gonaki ne ke haɗuwa, kowa ya biya gwargwadon filinsa, kowa da yankin ganuwar da ke wuyansa, ana zagayawa ana dubawa ana cin tara. A wasu yankunan akwai wata al'ada mai tsauri: wanda ya gaza gyara nasa yankin sai ya soka shebur a kan ganuwar ya bar gonar, wanda ya zare shebur ɗin ya gaji gona ya gaji wahalarta. Ba don sun fi kowa son juna ba ne. Ɓaraka ɗaya a ganuwar malalaci ta isa ta cinye mai himma, kuma ambaliyar 1421, wadda ta haɗiye ƙauyuka a kusa da Dordrecht ta mai da gonaki dausayi, ta zo ne a lokacin da rigingimun siyasa suka sa aka yi sakaci da gyara.

Ba nisa da nan akwai Kinderdijk, inda yawancin hotunan kalandar nan ke fitowa. Injuna 19 ne, akasarinsu an gina su tsakanin 1738 da 1740, takwas na bulo a jere, takwas masu rufin ciyawa a ɗaya gefen. Suna ɗaga ruwa su tara a wata ma'ajiya mai tudu, a jira kogin Lek ya yi ƙasa a sake shi. Masu yawon buɗe ido na ganin kyau. Ni in na ga yawansu, abin da nake gani shi ne yadda ƙasar ta nitse har mataki ɗaya ya daina isa, dole aka ƙara na biyu.

Inda iska ta gaza shi ne tafkin Haarlem, wanda ya yi ta cin gaɓarsa har mutane suka laƙaba masa suna kyarkecin ruwa. Tun wajen 1640 Leeghwater ya rubuta littafi yana cewa a ba shi injuna 160 ya kwashe shi. Aka yi ta jan ƙafa shekara 200, garuruwan da ke kewaye kowa na kare cinikinsa. Sai a ƙarshen 1836 guguwa biyu suka zo a jere, ɗaya ta kora ruwa har bakin Amstadam, ɗaya ta shigar da shi titunan Leiden. Daga nan aka samu kuɗi. Amma ba injin iska aka kafa ba, tashoshin tururi uku aka gina masu cin kwal, injin ɗaya daga cikinsu, Cruquius, daga Cornwall ta Ingila aka ƙero shi. Da tashoshin uku suka kama aiki, cikin shekara uku da 'yan watanni, a 1852, hekta 18,000 suka bushe. Ɗaya tashar an raɗa mata sunan Leeghwater, mutumin da ya ba da rayuwarsa ga injin da ta zo ta yi wa ritaya. Filin jirgin da muka fara da shi a cikin wannan rami yake.

Tururi ba ya jiran iska, haka dizal da lantarki da suka biyo baya. Daga injunan iska kusan 10,000 da ƙasar ke da su a tsakiyar ƙarni na 19, na niƙa da na tsaga katako da na ruwa, yau saura kimanin 1,200, kuma da ba don ƙungiyar da aka kafa a 1923 don ceton su ba da ba su kai haka ba. Sun ɗan sake ganin rana a Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da man fanfo ya yanke a ƙarƙashin mamayar Jamus, aka kwance na Kinderdijk suka koma bakin aiki. Hukumar UNESCO ta sa Kinderdijk cikin kayan tarihin duniya a 1997, Beemster a 1999, ita kanta sana'ar tsaron injin a 2017. Yawancin masu yin ta yanzu 'yan sa-kai ne, malamin makaranta ko ma'aikacin ofis da ya koya ya ci jarrabawa yake zuwa ran Asabar.

Kwasar ruwan kuwa ba ta tsaya ko kwana ɗaya ba, ta koma cikin ƙananan gine-gine marasa kyan gani da ba mai ɗaukar su hoto. Ƙasar ma ba ta daina nitsewa ba, a filayen kiwo na yamma har yanzu tana sauka, a wasu wuraren kusan santimita guda a shekara. Tsohon garin Gouda, mai cukun nan, yana fama: akwai unguwannin da ruwan magudana ya kusa daidai da bakin titi. Mai shanu yana so a rage ruwa don tarakta ta shiga fili ba ta kafe ba. Mai gida a gari yana so a bar shi, domin gidansa a kan turakun katako yake, kuma katako in ya fito daga ruwa ya sha iska ruɓewa yake. Masu kula da yanayi na cewa a ɗaga ruwan ma, tunda ƙasar da ke bin iska hayaƙin da ke ɗumama duniya take zama. Majalisun ruwa, waɗanda a da dubbai ne yanzu aka haɗe su suka koma 21, su ke yanke hukunci, suna da harajinsu na kansu, ana kuma zaɓen wakilansu duk shekara huɗu. Abin da ake tafka muhawara a kai a zaurukansu sau da yawa bai wuce santimita 10 ko 20 na ruwan kwata ba.